Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Wa Ya Cinye Jajayen Ƙwarin Tafkinka?

Wani mai kiwon kifi daga wajen Bukuru, kusa da Jos, ya aiko da tambaya. Yana da ɗan tafkin ƙasa da yake renon 'ya'yan tarwaɗa a ciki, ruwan kuma da inji yake jawo shi daga wani tsohon ramin kuza da masu lambu suka zagaye. Ya zuba kashin kaji, ruwa ya yi kore. Bayan 'yan kwanaki sai ga wasu mitsi-mitsin halittu jajaye sun yi dandazo a gefe-gefe kamar an barbaɗa garin barkono, ruwan kuma ya washe har ana hango ƙasa. Ya saki 'ya'yan kifinsa yana murna. Ba a rufa mako ba jajayen nan suka yi ɓatan dabo, ruwa ya koma kore shar kamar miyar kuka. Ya ƙara taki don su dawo, abin ya ƙara caɓewa, 'ya'yan kifin ma suka soma mutuwa. Shi ne yake tambaya: takin ne ya kashe su, ko wani ne ya zuba masa wani abu? Ya ƙara takin ko ya dakata?

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah Ya mayar da alheri. Ka fara cire zargin maƙwabta daga ranka. Abin da ka zayyana daki-daki shi ne abin da ke faruwa a duk ruwan da taki ya yi wa yawa, tun daga durom ɗin tsakar gida har manyan tafkunan duniya. Jajayen ƙwarin nan cinye su aka yi. Taki kuwa kar ka ƙara ko cikin cokali.

Ka ɗauki tafkinka kamar filin kiwo. Koren da kake gani ciyawa ce, wato ƙwayoyin gansakuka da ke yawo cikin ruwa, waɗanda ido ba ya iya raba ɗaya da 'yar'uwarta. Jajayen ƙwarin su ne awaki. Ranar da ruwanka ya washe, ciyawar ba ta daina tsirowa ba, awakin ne suka yi yawa suna share ta tun ba ta kai ko'ina ba. Ranar da ya koma miyar kuka kuwa, kura ce ta shiga garke. Mai filin da ya tarar ciyawa ta kai masa gwiwa ai ba taki zai nema ba, cigiyar awakinsa zai yi. Sauran bayanina duk a kan kurayen nan ne, don suna da yawa, kuma wasunsu ba su fi awakin girma ba.

Ƙananan dabbobin da ke shawagi cikin ruwa, masana na kiransu zufilanktan, kuma a ruwan daɗi manyan gidajensu uku ne. Akwai rotifa, 'yan autan gida, galibinsu ba su kai rabin milimita ba. A bakinsu akwai gashi mai kaɗawa kamar ƙafar keke na juyawa, da shi suke jawo abinci. Akwai ƙuman ruwa, masu tafiya da ɗan tsalle-tsalle, kuma cikinsu jajayenka suke. Daga yadda ka kwatanta su, na fi zaton Moina ne, wadda ba ta cika wuce milimita ɗaya ba. Jan da kake gani a jikinta irin sinadarin da ke sa jininmu ja ne, takan ƙara shi idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a ruwa, don haka jan nan ma kansa saƙo ne. Babbar yayarsu ita ce Daphnia, mai kai milimita biyu ko uku, wadda ta fi yawa a ƙasashen sanyi. Gida na uku su ne kofifod, masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, siffarsu kamar ɗigon ruwa mai wutsiya, macen na tafe da jakar ƙwai biyu a gefe kamar jaki da mangala.

Dattawanmu sun san wannan gida na uku ko da ba su taɓa ganinsa ba, don su ne ke ɗauke da tsutsar kurkunu. Ƙyallen da aka riƙa rabawa a ƙauyuka don tace ruwan sha, a yaƙin da Janar Yakubu Gowon ya taya zagayawa dominsa, su yake tarewa. Najeriya ta tashi daga masu kurkunu sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa samun shaidar rabuwa da cutar daga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2013. Ka riƙe maganar ƙyallen nan, za mu dawo gare ta.

Abin da ya raba gidajen uku, bayan girma, shi ne saurin haihuwa. Rotifa da ƙumar ruwa ba sa jiran namiji idan zamani na da daɗi: mace ta haifi mata, su ma su haifi mata. A ruwa mai ɗumi rotifa kan ninka yawanta cikin kwana guda ko biyu, Moina kuma ta balaga cikin kwana huɗu zuwa biyar. Kofifod sai an yi barbara, sannan ɗan ya bi matakai goma sha ɗaya kafin ya zama babba. Shi ya sa in ka cika tafki ka zuba taki, layi suke bi: gansakuka ta fara, rotifa su biyo, ƙuman ruwa su karɓa, kofifod su zo a ƙarshe. Kuma ga inda gizo ke saƙa: ɗan kofifod yana ƙarami ciyawa yake ci kamar kowa, amma irin su Mesocyclops in sun girma mafarauta ne. Sukan cafke rotifa, su cafke 'ya'yan Moina, har 'ya'yan junansu ba su bari ba. Idan suka yi yawa kuma abinci ya yanke, sukan far wa ɗan kifin da bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba su yi ta gatsar fiffikensa da fatarsa. Tsohon ruwa mai mako uku da sabon ruwa mai kwana shida, ko da launinsu ɗaya, mazauna cikinsu daban ne.

Kura ta farko dai kai ka kawo ta da hannunka, wato 'ya'yan kifin. Ɗan tarwaɗa kan shanye ƙwanduwar da ke cikinsa wajen kwana uku bayan ƙyanƙyasa, daga nan sai neman abin da ke motsi. Dubunnansu a ɗan tafki ɗaya, kowanne na haɗiyar ƙuma bayan ƙuma dare da rana, kuma kullum bakinsa na ƙara faɗi. Haihuwar Moina duk saurinta ba ta cim ma wannan ci. Wannan kuwa ba laifi ba ne, don abin da ka tara su dominsa ke nan. Kuskuren shi ne zaton cewa garken zai yi ta cika kansa.

Kifi kuma ba ya ci a makance. Yawancin kifayen da ke farautar zufilanktan da ido suke yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma babba suke zaɓa, mai ja, mai ɗauke da ƙwai, wanda ya fi fitowa fili. Wani masani ɗan tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya, Jaroslav Hrbáček, ya nuna tun 1961 cewa kududdufan da kifi ya yi yawa a ciki manyan Daphnia ba sa zama, sai ƙanana, ruwan kuma ya fi kore. A 1965 John Brooks da Stanley Dodson suka kawo shaidar da ta zauna daram: tafkin Crystal da ke jihar Konetikat a Amurka, an auna shi a 1942 kafin wani ɗan kifi mai cin zufilanktan ya shiga, aka sake aunawa a 1964 bayan ya shiga ya hayayyafa. Manyan nau'o'in duk sun ɓace, ƙanana sun gaje wurin. Me ya dame mu da girmansu? Babbar ƙuma ta fi ƙarama tace ruwa nesa ba kusa ba, kuma tana iya haɗiye ƙwayoyin gansakukar da ƙaramar ba za ta iya ba. In aka kwashe shanu aka bar 'yan awaki, ciyawa ta samu sarari.

Labarin da na fi so a wannan fanni daga ƙasa mai zafi irin tamu ya fito. A tafkin Gatun na ƙasar Fanama akwai wata ƙumar ruwa, Ceriodaphnia cornuta, wadda mu ma muna da ita a ruwayenmu. Iri biyu ce, mai ƙaho da marar ƙaho. Kowa zai ce ƙahon ne ke kare ta daga kifi. Thomas Zaret ya bi diddigi a farkon shekarun 1970, ya gano cewa abin da kifi ke hanga shi ne baƙin idonta, tunda sauran jikin garai yake kamar ruwa. Marar ƙahon ta fi girman ido, ita kifi ya fi ci. Ita ce kuma ta fi haihuwa, don haka inda kifi ya yi ƙaranci ita ke rinjaye, inda ya yi yawa mai ƙaramin ido ta karɓi gari. Ɗigon baƙi da bai kai kan allura ba, shi ke raba rai da ajali.

To, a ce ka kwashe kifin ƙaf, za a zauna lafiya? Ina! A nan ne kurayen cikin gida ke fitowa.

Akwai wata rotifa da ake kira Asplanchna. Ranar da na fara nuna wa ɗalibai ita a ƙarƙashin madubin ƙara girma, daga ruwan wani kududdufi da muka ɗebo a hanyar Rayfield, sai da ɗakin ya yi tsit. Jaka ce kawai ta leda, garai-garai, tana juyi a hankali kamar ba ruwanta da kowa. Wata 'yar rotifa mai sulke, Brachionus, ta zo wucewa ta goge ta. Kafin ƙiftawar ido bakin ya buɗe, wasu haƙora biyu kamar hantsaki suka fito, ta zuƙe ta ɗungurungum. Muna kallon wadda aka haɗiye a cikin tumbin, gashin bakinta na ci gaba da kaɗawa. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ashe 'yar'uwarta take ci?" Na ce ai kuwa, in yunwa ta yi yunwa har 'yar ɗakinsu tana ci.

Sai dai Brachionus ba ta zauna ta naɗe hannu ba. John Gilbert ya tabbatar a 1966 cewa Asplanchna na sakin wani sinadari a ruwa, kuma uwar Brachionus da ta ji wannan wari 'ya'yanta kan fito da dogayen ƙayoyi biyu a baya, waɗanda uwar ba ta da su. In an taɓa su sai su baje ƙayoyin, su ƙi shiga baki. Idan mafarauciyar ta ɓace, jikoki su koma sumul, don ƙaya ma da tsadarta. Saboda haka in na duba ɗigon ruwa na ga Brachionus duk da dogayen ƙayoyi, na san wa ke gari ko ban gan ta ba.

Babbar kurar dare kuwa ita ce tsutsar gilashi, Chaoborus, 'yar wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Tsawonta wajen santimita ɗaya, jikinta kamar tsinken gilashi, ba ka ganin komai sai baƙin ido da 'yan jakunkunan iska biyu gaba biyu baya, waɗanda take daidaita nutsewa da tasowa da su. Takan tsaya cik a kwance cikin ruwa, ba ta bin kowa. Motsin ruwa take ji, duk abin da ya gifta ta fizge shi. A tafkin Malawi, in waɗannan tsutsotsi suka rikiɗe suka tashi, daga nesa sai ka rantse hayaƙin gobara ne a kan ruwa, mutanen bakin tafkin har kama su suke yi su dunƙule su ci. Ita ma Daphnia da ta ji warinta takan haifi 'ya'ya masu 'yan haƙora a ƙeya, don su maƙale mata a baki.

Ka lura da bambancin. Kifi babba yake nema, don shi yake gani. Tsutsar gilashi da kofifod da Asplanchna ƙarami suke nema, don shi bakinsu ke ɗauka. Ƙumar ruwa in ta girma kifi ya gan ta, in ta ƙanƙance tsutsa ta samu. Gaba kura, baya siyaki. Kuma kifin da ke cin ƙuma shi ne dai ke cin tsutsar gilashi, har ya fi son ta don ta fi tsoka. Ke nan rage kifi kan zama buɗe wa tsutsa ƙofa, ƙara kifi kuma kan zama ceto ga rotifa da 'yan ƙananan ƙuma. Wannan ne ya sa ba na yarda da duk wanda zai ba ka lissafi ɗaya tak ya ce ya isa kowane tafki.

Ramin kuzar da kake jawo ruwa daga ciki ya shigo zancen a nan. Ramukan nan da haƙar kuza ta bar mana tun zamanin Turawa, daga Bukuru har Barikin Ladi, da yawansu zurfi gare su, bakinsu kuma a tsaye. Ruwa mai zurfi da taki ke gangarawa cikinsa yakan rabu hawa biyu: na sama mai ɗumi da haske, na ƙasa mai sanyi da duhu, inda matacciyar gansakuka ke ruɓewa ta shanye oksijin. Kifi ba ya iya zama a can. Tsutsar gilashi kuwa tana jurewa, don haka can take wuni, wani lokaci ma cikin taɓo, sai duhu ya yi ta hauro farauta. Su ma ƙuma da kofifod da yawa haka suke, rana a ƙasa, dare a sama. Wannan hawa da sauka tsoro ne ke tuƙa shi, kuma an gwada an gani: warin kifi kaɗai a ruwa ya isa ya sa Daphnia ta nutse da rana.

Wani masani ɗan Folan, Maciej Gliwicz, ya ga abin mamaki a madatsar Kahora Basa da ke kan kogin Zambezi a Mozambik, ya wallafa a 1986. Yawan zufilanktan a can na hawa da sauka ne tare da wata. Ka san bayan daren sha huɗu wata ba ya fitowa da magariba, sai an ɗan yi duhu tukuna, kullum yana ƙara jinkiri. A wannan ɗan duhun sai su hauro sama da zaton dare ya rufa musu asiri. Kwatsam farin wata ya ɓullo, ƙananan kifayen sardin da ke jira su yi musu dirar mikiya. 'Yan kwanakin nan kaɗai kan karya garken, sai duhun ƙarshen wata ya ba su damar farfaɗowa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta fi cin kuɗi. Hankali na cewa ƙarin taki ƙarin ciyawa, ƙarin ciyawa ƙarin awaki. Gaskiya ne, amma zuwa wani mizani. Tun a 1925 da 1926 Alfred Lotka da Vito Volterra suka nuna da lissafi cewa mai ci da abin ci kan yi ta lilo, wannan ya hau wancan ya biyo, wannan ya faɗi wancan ya biyo. A 1971 Michael Rosenzweig ya ƙara da cewa yawan wadata ba ya kwantar da lilon, tsananta shi yake yi. Ciyawa ta yi tashin gwauron zabi, ƙuma su ninka fiye da kima, su share ta ƙarƙaf, yunwa ta kwashe su gaba ɗaya, 'yan tsirarun da suka rage mafarauta su ƙarasa su. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ina ma kyautata zaton a ranar da ka ga ruwanka garau kana murna, Moina ɗinka sun riga sun cinye gidansu, suna bakin faɗuwa ka sakar musu kifi. Alamar hakan, da ka duba da madubi, ita ce maza sun fara bayyana a cikinsu, matan kuma na goye da wani baƙin kunshi a baya. Ƙwan jiran zamani ne, wanda ke nutsewa cikin taɓo ya jure fari har sai ruwa ya dawo.

Matsala ta biyu ta fi wannan muni: taki na canza irin ciyawar. Kashin kaji cike yake da sinadarin fosfaras. A 1973 David Schindler ya raba wani tafki a Kanada gida biyu da labule, tafki mai lamba 226, ya ba ɓangarorin biyu naitirojin da kabon, ya ƙara wa ɗaya fosfaras. Wanda ya samu fosfaras shi kaɗai ya rikiɗe ya zama kore kamar fenti. Irin gansakukar da ke mamaye ruwa a wannan hali, mai launin kore da shuɗi-shuɗi, asalinta ƙwayoyin bakteriya ne. Wasu na yin dunƙule mai yauƙi, kamar Microcystis, wasu na yin zare-zare. Dunƙulen ya fi bakin ƙuma, zaren kuma toshe mata rariyar da take tace abinci yake yi, ga ƙarancin amfani a jiki, ga wasu da dafi. Akuya ce a tsakiyar gonar tumfafiya: ko'ina kore, ba abin ci. Dafin nan kuma ba na wasa ba ne, don a 1996 a garin Karuwaru na Barazil masu wankin ƙoda fiye da hamsin suka rasu saboda ruwan da ke ɗauke da shi. In ka ga kore na taruwa a saman ruwa da safe kamar an zuba fenti, iska na tura shi lungu guda, kar a shayar da dabba a wurin, kar yara su shiga.

Mutuwar 'ya'yan kifinka ma daga nan take. Da rana gansakuka na fitar da oksijin, da dare ita da ruɓaɓɓen taki su shanye shi. Wajen asuba ne ya fi ƙaranci. Babbar tarwaɗa na haurowa ta shaƙi iska, amma ɗan da bai yi makonni ba gaɓar shaƙar iskar ba ta gama ƙwari a jikinsa ba. Yunwa ta haɗu da shaƙewa.

Za ka iya cin karo da shawarar Turawa cewa a zuba manyan kifaye masu cin ƙanana, ƙananan su ragu, Daphnia ta dawo ta share ruwa. Ta yi aiki a tafkuna da dama na Turai da Amurka. A nan kam sai a yi hattara. Su suna da hunturun da ke tsayar da haihuwar kifi, ƙuma ta samu 'yan makonni tana cin karenta ba babbaka. Mu kuwa karfasa kusan duk shekara tana zuba 'ya'ya, manyan Daphnia kuma ba su cika yawa a ruwan zafi ba. Sanyin Jos, mai tudun mita 1,200 da wani abu, yana ɗan sassauta abin a watannin hunturu, amma bai mai da mu Turai ba. Maganin koren ruwa a wajenmu daga bakin tafki yake farawa, wato rage abin da ke gangarawa ciki.

Kafin in gaya maka abin yi, bari in faɗi nawa wautar. Na taɓa renon Moina a durom uku a bayan ɗakin gwaji, sun yi kyau har ina ɗiba da rariya kullum. Ruwa ya ja baya, na tura yaro ya ɗebo mini jarka biyu daga kududdufi, da magariba, na juye ba tacewa. Cikin kwana goma durom biyu suka mutu murus. Da na haska tocila cikin dare sai ga tsinkayen gilashi jere a tsaye cik, ga masu ido ɗaya na zabura ko'ina. Na ukun da ruwan jarkar bai kai gare shi ba yana nan ja wur. Ni da ke koyar da abin, ni na ba kura ajiyar nama.

Yau da daddare ka yi wannan gwaji. Ka sami farar kwalba, ka ɗebi ruwan tafkinka bayan isha'i, ka shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila daga gefe. Masu ɗan tsalle a hankali, ɗis-ɗis, ƙuman ruwa ne. Masu tsayawa sannan su zabura kamar an harba su, kofifod ne. Ƙurar da ke sulalawa ba tsalle, rotifa ce. Siririn abu mai tsawon ƙwayar shinkafa da ke kwance ba motsi, tsutsar gilashi ce. Ka yi haka da ruwan ramin kuzar ma, na rana daban na dare daban, ka kwatanta. Da hantsi kuma ka tsoma hannu a tafkin, tafin a buɗe: in ya ɓace maka kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, kore ya yi yawa.

Ga tafkin da ke hannu yanzu, ka tsayar da taki, ka zubar da kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan ka maye da sabo, ka maimaita bayan kwana biyu, ka koma ciyar da 'ya'yan da suka rage da abincin buhu ɗan daidai bakinsu, kaɗan-kaɗan. Ka riƙa leƙa su da asuba, ba da rana ba. Wajen jawo ruwa, bakin tiyo ya tsaya kusa da sama kuma da rana. In ya nutse ƙasa zai kawo maka ruwa marar iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ka ja da dare kuma mafarautan ka kwaso. Ka ƙara kula a tsakiyar hunturu, lokacin da saman ramin ke yin sanyi ya nutse, na ƙasan ya taso. A bakin tiyon ka ɗaura ƙyalle mai ƙananan ido, irin na tatar gasara, ninki biyu. Zai tare tsutsa da manyan kofifod da ƙwan karfasa. 'Ya'yan kofifod ƙanana za su iya wucewa, shi ya sa lokaci ke da muhimmanci.

Zagaye na gaba ka busar da tafkin har ƙasa ta tsattsage, ka cika, ka sa taki kaɗan a cikin buhu ka rataya a ruwa yadda za ka iya cire shi, maimakon watsawa. Ka saki 'ya'yan kifi cikin makon farko, lokacin da garken ke hawa, kafin masu ido ɗaya su balaga. A sanyin Jos abin kan ɗan ja kwanaki, don haka kwalba da tocila su za su faɗa maka rana, ba kalanda ba. Wani zai ce ka ɗiga fiya-fiya don kashe ƙwarin da ke cin kifi. Kar ka soma. Moina zai fara kashewa, kuma abinci kake nomawa.

Moina ɗin kuma ka ware musu gidansu, durom biyu ko uku nesa da kifi, a rufe da gidan sauro don kar ƙwari su yi ƙwai a ciki. Ka fara su a ranaku daban-daban yadda in ɗaya ya faɗi wani na tashe. Kullum ka ɗebi kamar kashi ɗaya cikin huɗu ka kai wa kifi, ko ba ka bukata, don ɗibar ce ke hana su cinye gidansu. Iri kuwa ba sai ka saya ba. Ka kankaro busasshen taɓo daga gefen tafkin nan naka, daidai inda ka ga sun yi dandazo, ka zuba cikin bokitin tataccen ruwa mai ɗan kore, ka ajiye a inuwa. Bayan 'yan kwanaki ka haska tocila, ka tsamo masu ɗan tsallen da cokali zuwa durom, ka bar masu zabura a bokitin.